Ɗan da Ba Ya Cikin Katin Awo

Ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ke ma kin gani. An taɓa fitowa daga wani gida a layinku da ɗan ƙunshi cikin farin ƙyalle, mutum uku ko huɗu suka bi shi da sauri zuwa bayan gari. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, babu wanda ya rufe shago. Kun ce, "Allah ya ba da mai zama," kun juya kun ci gaba da sabgarku. Ba ku tambayi me ya kashe shi ba. Ba ku tambayi kwana nawa uwar ta yi tana jin cikinta shiru kafin wani ya ce a kai ta asibiti ba. Bayan wata biyu kun manta an yi shi, ita ma kun koya mata ta yi kamar ta manta.

To, ga ɗaya daga cikin matan da kuka koya wa hakan.

Safiyatu matar Mu'azu tela ce, a Kolere, can ƙarshen unguwa inda gidaje ke ƙarewa gonakin masara su fara. Kakan Mu'azu ne ya zo Mubi daga ƙasar Katsina da kan keken ɗinki a cikin buhu, sana'ar ta zauna a gidan. Keken Mu'azu na ƙafa ne, a zaure yake, bango ɗaya ne tsakaninsa da gadon Safiyatu. Su huɗu ne a gidan: shi, ita, 'yarsu Ummusalma da ake kira Ummi, sai mahaifiyarsa Inna Hussaina, wadda ta riƙe Safiyatu kamar ita ta haife ta.

Idan ka tambayi kowa a layin, haihuwar Safiyatu ɗaya. Amma shekara uku da suka wuce ta yi wani cikin. Wancan karon ba ta ɓoye ba. Mu'azu ma don murna, tun cikin yana wata shida ya tattara ragowar shuɗiyar shadda ya ɗinka 'yar riga wadda ba ta fi tafin hannunsa biyu ba, har da aiki a wuya. Da wata na tara ya kama, ƙafafunta suka kumbura, kanta ya riƙa sarawa, sannan wata rana motsi ya tsaya. Inna ta ce ɗa ya kwanta ne, haka suke hutawa kafin su fito. Aka jira kwana uku. Ya zo da gashi a kansa da farce a yatsunsa, bai yi kuka ba. Abin da Safiyatu ta gani kafin a naɗe shi tafin ƙafarsa ne kawai. Ba a yanka rago ba, ba a raɗa suna ba, kuma a gidansu wanda ba a raɗa wa suna ba, ba a sa shi cikin ƙirgen 'ya'ya. Inna ta yi kukanta a bayan ɗaki, inda take zaton babu mai jin ta, ta fito da hukuncinta: baki ne ya kama su, da rigar nan da aka ɗinka tun mai ita bai iso ba. Mu'azu ya ninke rigar ya sa a ƙasan akwati. Daga ranar babu wanda ya sake ambatar yaron.

Shi ya sa wannan karon, da ta sake samun ciki, aka yi shiru. Safiyatu ta koma sa babban hijabi ko rijiya za ta je. Awo kuwa Inna ta ce a dakata, don wurin awo taron mata ne, kuma taron mata taron idanu ne. Haka ciki ya shiga wata na bakwai babu wanda ya taɓa auna jininta.

Mutum ɗaya ce hijabin bai ruɗa ba: Dibora, maƙwabciyarsu ta bayan danga, mutuniyar Michika, mai noman gyaɗa. Ita ce ta riƙe kan Safiyatu a cinyarta ranar da aka haifi yaron nan. Ta girme ta da shekara goma sha biyar, kuma kamar mutane da yawa a Mubi, ba ruwanta da bambanta mace da namiji a Hausarta, kowa "kai" ne.

Wata safiya ta leƙo ta kan danga tana ɓarar gyaɗa.

"Maman Ummi, wannan hijabi naka kullum ƙara faɗi yake. Tela ne yake ƙara masa yadi, ko kai ne?"

Safiyatu ta yi dariya ta rufe baki. "Maman Tizhe, ki rufa mini asiri."

"Asiri ya riga ya fito gaba, yana gaishe ni tun kafin kai ka gaishe ni. Laraba za mu je awo. Ka ce wa Inna zan raka ka, ni zan tsaya a bayanka in tare idanun."

Inna ba ta so ba, amma tana jin nauyin Dibora. Ta ce su tafi da sassafe, su bi ta bayan layi.

Ƙaramin asibitin unguwa ɗaki biyu ne da rumfa. Ranar Laraba mata sun fi arba'in a kan benci, ungozoma kuma ɗaya ce, Sista Winifred, doguwa mai tabarau, wadda ke aiki tana cin ƙosanta a tsaye. Saboda cunkoso, teburinta a rumfar yake, kowa na jin abin da ake tambayar kowa. Dibora ta tsaya waje wajen mai lemo.

"Sunanki? Shekara nawa? Haihuwa nawa?"

Safiyatu ta dubi benci. Ga matar mai nama ta layinsu, ga ƙanwar limamin masallacinsu. Ta ji tafin ƙafar nan ya gifta a idonta. Ta sunkuyar da kai.

"Ɗaya."

"Yana raye?"

"Tana raye."

"Wata matsala a baya?"

"Babu."

Ba ta ji kamar ta yi ƙarya ba. Amsar da aka koya mata ce, amsar da Inna za ta bayar, amsar da rabin matan bencin suka bayar. Winifred ta rubuta. Ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta ce ya ɗan ɗaga amma bai kai na tsoro ba. Ta ba ta maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro sabo a leda, ta ce ta dawo bayan sati huɗu. Da Winifred ta san abin da ya faru shekara uku baya, da ba ta ce sati huɗu ba. Macen da ta taɓa haihuwar ɗa babu rai, kuma jininta yana ɗagawa, ba a barin ta ta yi nisa da ido. Amma katin ya ce ɗaya, kuma akwai mata talatin da ke jira.

Damina ta yi ƙarfi. A sati na biyu takalmin Safiyatu ya daina shiga. A na uku zoben azurfarta ya nutse a yatsa, fuskarta ta yi suntum da safe. Inna ta ji daɗi. Ta ce wannan alamar ƙaton namiji ce, haka ta kumbura a cikin Mu'azu. Kullum da la'asar takan zaunar da Safiyatu a kan tabarma, ta ɗora ƙafafunta a cinya tana shafa musu man kaɗanya a hankali, yatsa bayan yatsa, tana yi wa jikan da ba ta gani ba tsiya cewa tun bai zo ba ya mai da ita 'yar aiki. Idan Safiyatu ta ce kanta na sarawa, Inna ta ɗaure mata shi da ɗankwali ta hana ta daka. Babu mugunta ko ɗigo a cikin wannan. Da so aka yi shi, kuma so bai hana jinin ci gaba da hawa ba.

Abin da ke kwantar wa Safiyatu hankali shi ne keken. Duk safiya, da zarar Mu'azu ya ɗora ƙafa ya fara taka shi, ƙarar ta ratso bango, sai abin da ke cikinta ya farka ya shiga harbi, kamar shi ma takawa yake. Ta taɓa kama hannun Mu'azu ta ɗora a wurin. Ya tsaya yana ji, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji, "Wannan ya fi ni saurin ƙafa. A gaya masa aikin sallah ya taru, ya hanzarta." Daga nan ya zama gaisuwarsu. Shi ya taka a zaure, ita ta ƙwanƙwasa bango sau biyu, alamar an amsa.

Ranar wata Asabar, bayan ruwan da aka kwana ana yi, Mu'azu ya taka keke. Safiyatu tana zaune a bakin gado da kofin kunu, tana jira. Keken ya yi gudu, ya tsaya, ya sake yi. Ta shanye kunun. Ta kwanta a gefen hagu, ta danna cikin da tafin hannu. Can ta ji wani ɗan motsi guda, mai rauni, kamar kifi ya juya a ƙasan ruwa. Daga nan shiru. Ta tuna jiya ma sau biyu kawai ta ji shi, ta ce wa kanta gajiya ce. Da ta tashi zaune, wasu ƙananan taurari suka riƙa yawo a gaban idonta.

Ba ta ƙwanƙwasa bango ba.

Ta fita tsakar gida. Inna na tankaɗe.

"Inna, yau bai motsa ba. Sau ɗaya kawai."

Inna ta ajiye rariya ta shafa cikin da hannu mai gari. "Ya kwanta ne, 'yar nan. Lokaci ya matso, yana tara ƙarfi. Ki samu wuri ki huta, kada ki tsorata shi."

Kalmomin nan ne, ɗaya bayan ɗaya, ba a canza ko guda ba. Safiyatu ta buɗe baki za ta ce wancan ma haka aka ce, amma a gidan nan babu wani wancan. Ta juya ta nufi danga.

Dibora na shanya gyaɗa a kan buhu. Ta dubi fuskar Safiyatu sau ɗaya ta miƙe.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya ya ragu."

"Kai fa? Idonka ya shige ciki. Sista ya ce me a kan wancan, wanda ya koma?"

Safiyatu ta kau da kai.

"Maman Ummi. Ka gaya masa ko ba ka gaya masa ba?"

"Ta ce haihuwa nawa. Na ce ɗaya."

Dibora ta goge hannunta a zani, a hankali, kamar tana neman inda za ta ajiye fushinta. Da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba.

"Yarana maza biyu, ka san su. Tizhe da Tumba. A wajenmu suna yana bin layin haihuwa. Tizhe na fari, Tumba na uku. Ka taɓa tambaya ina na biyu?"

Safiyatu ta girgiza kai. Shekara takwas suna raba gishiri ta kan dangar nan, ba ta taɓa lura ba.

"Zira. A gona na fara zubar da jini, kafin a sauko da ni daga dutse ya tafi. Da na haifi na bayansa, dangin mijina suka ce a ba shi Zira, tunda wancan bai zauna ba. Na ce a'a. Wurin yana da mai shi. Duk wanda ya kira Tumba, ya san akwai wani a gabansa." Ta ɗauki gyalenta daga kan igiya. "Je ka gaya wa mijinka. Ina bakin ƙofa."

Safiyatu ba ta saba shiga zaure da rana ba. Mu'azu ya ɗago, ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

"Ban ji bango ba yau," ya ce.

"Baban Ummi, ina so in je asibiti. Yanzu."

Inna ta biyo ta, ta tsaya a ƙofar ciki. "Mu'azu, hanya duk taɓo ce, mayo ya cika, ba a ƙetare rafin nan yau. A jijjiga ta a keke napep da wannan tsohon ciki? A bari zuwa Litinin mu gani. Idan aka fita da ita tsakar rana duk layi sai sun sani."

Mu'azu bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba, Safiyatu ta san haka tun kafin a kawo ta gidan. Ya dubi rigar da ke ƙarƙashin allura, ya dubi bango. Safiyatu ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Kwana uku muka jira wancan karon, Inna. Na ga ƙafarsa. Irin ta Baban Ummi ce, babban yatsan ya rabu da sauran."

Shekara uku ke nan ba a faɗi wannan a gidan ba. Inna ta dafa ƙyaure. Mu'azu ya zare ƙafarsa daga keke, ya yanke zare, ya sa hula.

"Inna, ki yafe mini," ya ce. "Litinin ta yi nisa."

Mai keke napep ya kai su har gangaren mayo ya ce nan ne iyakarsa, ruwa ya cinye hanya. Suka sauka. Mu'azu ya naɗe wandonsa ya riƙe ta ta dama, Dibora ta hagu, ruwan ja yana bugun cinyoyinsu. A tsakiya taurarin nan suka dawo idon Safiyatu, ta tsaya.

"Kada ka faɗi a nan," in ji Dibora. "Ni ban iya iyo ba, mijinka kuma tela ne."

Safiyatu ta yi 'yar dariya, ta ɗaga ƙafa. A ɗaya gaɓar suka sami wani keken.

Asabar ba ranar awo ba ce, rumfar babu kowa. Winifred na ciki tana wanke kayan aiki. Ta karɓi katin tana dubawa.

"Saura sati ɗaya ranar dawowarki awo. Me ya faru?"

"Sista, katin nan ba daidai ba ne," in ji Safiyatu. "Biyu ne. Na biyun ya zo babu rai, a wata na tara. Haka na kumbura, haka motsi ya tsaya. Yau ma ya tsaya."

Winifred ta cire tabarau. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwantar da ita, ta ɗaura abin awon jini, ta duba, ta sake busawa ta sake dubawa. Sannan ta shafa mai a cikin ta ɗora ɗan injin sauraron zuciya. Sai shuuu, kamar rediyon da ya rasa tasha. Ta matsar da shi ƙasa. Shuuu. Safiyatu ta ƙura wa silin ido, inda ruwa ya zana wani tabo, ta riƙe hannun Dibora har ƙashi ya yi ƙara. Winifred ta matsa gefen dama, ta danna.

Ga shi. Can nesa, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ya gaji.

"Yana nan," in ji Winifred. "Amma ya galabaita. Jininki ya hau ƙwarai. Idan ya hau haka, hanyar da abinci da iska ke bi su kai wa yaro tana matsewa. Ba kwanciya ya yi ba, ƙarfinsa ne ke ƙarewa. Ke ma kina bakin jijjiga." Tana magana tana zuƙo allura. "Malam, wannan ya fi ƙarfin ɗakin nan. Babban asibiti za mu, kuma ina jin sai an yi mata aiki yau. Ka shirya sa hannu."

Da ta gama allurar ta ɗauki biro, ta soke ɗayan da ta rubuta da hannunta, ta sa biyu. Ta tsaya tana kallon katin.

"A gaban mata arba'in na tambaye ki," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ma da nawa laifin."

Ita da kanta ta raka su. Abin da Safiyatu ta riƙe daga sauran ranar guntu-guntu ne: fitilu masu haske, allura a gadon baya, ƙafafunta sun zama kamar na wata, koren ƙyalle da aka tare mata gani da shi. Tana jin ana jan wani abu a jikinta babu zafi. Sannan ta ji an ɗaga nauyi daga cikinta, ɗakin ya yi tsit.

Ta san wannan shirun. Ta taɓa jin sa. Ta juya kai ta ga bayan wata nas ta sunkuya a kan ɗan tebur, hannunta na murza wani abu da tawul, da sauri, da sauri. Safiyatu ta fara salati, ta rasa inda ta tsaya, ta sake farawa.

Kukan da ya fito ba mai ƙarfi ba ne. Kamar na 'yar kyanwa ne da aka rufe a ɗaki. Amma ya sake fitowa, ya ƙaru.

"Mace ce," wani ya ce. "Ƙarama, amma tana da faɗa."

Washegari da hantsi aka kawo mata ita a ɗakin masu jego, aka kwantar da ita tsirara a ƙirjinta aka rufa su da zani, don ɗumin uwa ya riƙe ta. Safiyatu ta laluba ƙarƙashin zanin ta kamo ƙafar. Babban yatsan ya rabu da sauran. Ya motsa a cikin hannunta.

A gadon da ke kusa akwai wata yarinya daga Mugulbu, ba za ta wuce shekara ashirin ba. An kawo ta bayan kwana biyu tana naƙuda a gida, ga zazzaɓi, ga jini ya ƙare a jikinta. Gadon jaririnta babu kowa. Ta juya fuska bango. 'Yan uwanta na haɗa kwanuka cikin leda ba tare da ƙara ba, wata tsohuwa na cewa, "Ki yi haƙuri, ba rabonki ba ne, kada ki sake tuna shi." Safiyatu ta miƙa hannu ta tsallake ratar da ke tsakanin gadajen, ta taɓa kafaɗarta.

"Namiji ne ko mace?"

Yarinyar ta daɗe ba ta juyo ba. Babu wanda ya yi mata wannan tambayar.

"Namiji," ta ce.

"Idan kika sake samun ciki, ki faɗa musu shi. Tun ranar farko. Ki ce a rubuta."

Inna Hussaina ta iso kafin azahar da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali, zaninta jiƙe har gwiwa. Ita ma ta ratsa mayo. Ta tsaya a bakin gado tana kallon ɗan kan da ya leƙo daga zani. Dibora na zaune a kan kujera tana ɓare lemo.

"Inna, ga ƙaton namijin naka," ta ce.

Inna ta harare ta. Ta zauna a gefen gado, ta kama ƙafar Safiyatu da har yanzu ke kumbure, ta riƙe a cinya kamar yadda ta saba. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da wani abu a ninke. Shuɗiyar shadda ce, da aiki a wuya.

"Na buɗe akwatin," ta ce. "Za ta yi mata yawa. Ta girma a ciki."

Mu'azu, da ke tsaye daga ƙofa da auduga manne a hannu inda aka ɗebi jininsa, ya juya fuska waje. Da Inna ta fita alwala ya matso.

"Wancan yaron, na taɓa ba shi suna," ya ce. "A raina kawai. Alhassan."

Safiyatu ta dube shi. "Ni Abdulhamid nake ce masa."

"Shekara uku yaro na amsa suna biyu, ba mu sani ba."

Ta yi dariya, ɗinkin ya ja ta, dariyar ta koma hawaye, ya bar ta ta yi. Karo na farko ke nan da suka yi kukansa tare.

Da yamma Winifred ta biyo bayan ta tashi aiki. Ta duba jaririyar, ta ce daga Laraba mai zuwa za ta mai da teburinta cikin ɗaki, ko da layi zai kai la'asar, kuma za ta riƙa tambaya har da waɗanda ba su zo da rai ba. Sannan ta juya ga Inna cikin wasa.

"Mama, ke fa, naki nawa?"

"Biyar," in ji Inna, nan take, yadda ta saba faɗa shekara arba'in. Ta dubi tafin hannunta, ta lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙetara zuwa ɗaya hannun.

"Tara," ta ce. "Huɗu ba su yi kuka ba. Duk an ce mini sun kwanta."

Safiyatu ta zaro hannu daga ƙarƙashin zani ta ɗora a kan na Inna. A ƙirjinta 'yar ƙafar ta sake harbi.

Wannan ta rayu ne da tazarar sa'o'i kaɗan. Ɗan yarinyar Mugulbu bai samu wannan tazarar ba, kuma kafin jibi za a fita da wani ƙunshin daga wani gida, wataƙila a layinku. Akwai mai ciki a gidanku, ko a bayan dangarku. Ku je wurinta yau. Ku tambaye ta a keɓe ciki nawa ta taɓa ɗauka, har da waɗanda ba a raɗa wa suna ba, ku raka ta awo ta faɗa a rubuta. Idan fuskarta ta kumbura, ko kanta na sarawa, ko ta ce motsi ya ragu, kada wani ya sake cewa ya kwanta, kada wani ya ce a bari zuwa Litinin. Ku ajiye abin da ke hannunku, ku kama ta ta dama da hagu, ku kai ta.